Bayan doguwar jira, sai lissafin lita: Abin da tankin farko ke faɗa wa masu sabuwar motar haibirid

A ƙarshen watan Janairun 2022, kamfanin Ford na Amurka ya yi abin da ba kasafai ake gani daga mai kayan sayarwa ba. Ya daina karɓar odar sabuwar a-kori-kurarsa mai suna Maverick, saboda masu son ta sun fi ƙarfin abin da masana'antarsa za ta iya ƙerawa.

Tun kafin nan, a watan Nuwamban 2021, ya riga ya rufe odar nau'in motar da ke haɗa fetur da lantarki, wadda ake kira haibirid. Lokacin ko guda ɗaya daga cikin wannan nau'i ba ta kai hannun mai saye ba.

Dubban mutane suka shiga layi, wasu wata shida, wasu fiye da shekara. Abu biyu ne suka ja su: araha da alƙawarin rashin shan mai. Da motocin suka fara isowa, tambayar da kowa ke yi ita ce ko alƙawarin ya cika. Amsar ta bambanta daga direba zuwa direba, kuma dalilan bambancin sun shafi duk mai tunanin sayen irin wannan mota, sabuwa ko ta hannu.

Me ya jawo rububin?

Ford ya gabatar da Maverick ne a watan Yunin 2021, da farashin da ya fara daga dala 19,995, ban da kuɗin kai ta wurin dila. A kasuwar Amurka, inda a-kori-kura ke da girma da tsada da shan mai, wannan farashi ya girgiza mutane.

Wani abin da ya ƙara jan hankali shi ne, a lokacin nau'in haibirid ɗin ne mafi araha. Wanda ke son mai injin fetur zalla shi ne zai ƙara kuɗi, saɓanin yadda aka saba.

Kafin ƙarshen watan Agustan shekarar, mutum fiye da 100,000 sun nuna sha'awar saye ta hanyar ajiye suna. A watan Oktoba kuma Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, EPA, ta fitar da alƙalumanta a kan motar: mil 42 a galan ɗaya a cikin gari, mil 33 a babbar hanya, mil 37 idan an haɗa biyun.

A lissafin da aka fi sabawa da shi, hakan na nufin kusan kilomita 18 a lita ɗaya a cikin gari, kilomita 14 a babbar hanya, da kusan kilomita 16 a haɗe.

Sai kuma farashin mai ya tashi. Bayan Rasha ta afka wa Ukraine a Fabrairun 2022, matsakaicin farashin galan ɗin fetur a Amurka ya haura dala 5 a watan Yuni, karo na farko a tarihin ƙasar. Duk wanda sunansa ke layin Maverick yana ci gaba da sha wa tsohuwar motarsa mai da tsada, yana ƙirga kwanaki.

Dalilin da layin ya ƙi motsi

A masana'anta ɗaya ake haɗa motar, a birnin Hermosillo na ƙasar Meziko, kuma wurin ne ake ƙera Bronco Sport, wata motar da ita ma take da kasuwa.

Ga kuma ƙarancin ƙananan ƙwaƙwalen lantarki da ke sarrafa na'urorin mota, matsalar da ta biyo bayan annobar korona ta kuma durƙusar da kamfanonin mota a duniya. Motar haibirid ta fi jin jiki a irin wannan yanayi, domin ban da injin fetur tana buƙatar batir da injin lantarki da na'urar da ke daidaita wuta a tsakaninsu. Ɗaya ya yi ƙaranci, mota ba za ta fito ba.

Jiran kansa yana da tsada. Odar da ba a samu ƙerawa ba a samfurin 2022 ta koma ta 2023, inda farashin farko ya haura dala 22,000. Da aka sake buɗe oda a watan Satumban 2022, cikin kwanaki kaɗan aka rufe.

Wanda ya gaji da jira kuma ya faɗa hannun dillalai. A Amurka, dila ne ke yanke farashin ƙarshe, abin da kamfani ya rubuta shawara ce kawai. Kamfanin nazarin kasuwar mota na Edmunds ya ce a watan Janairun 2022, fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka sayi sabuwar mota a ƙasar sun biya sama da farashin da ke jikin takarda.

A nan lissafin ke rikicewa. Wanda ya ƙara wa dila dubban daloli don tsallake layi, zai ɗauki shekaru kafin rarar mai ta mayar masa da kuɗinsa.

Ford ya sayar da Maverick kusan 74,000 a Amurka a 2022. Bayan ya ƙara yawan abin da ake ƙerawa a Hermosillo, adadin ya kai kusan 94,000 a 2023, ya kuma wuce 130,000 a 2024.

Tankin farko ba ya faɗin gaskiya duka

An fara miƙa wa masu oda nau'in haibirid ɗin ne a tsakiyar hunturu, lokacin da ƙanƙara ta rufe jihohi da dama na Amurka. Babu lokacin da ya fi wannan muni wajen gwada shan man irin wannan mota.

Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce idan sanyi ya kai digiri 7 ƙasa da sifili, nisan da motar fetur ke yi da lita ɗaya a cikin gari yakan ragu da kusan kashi 15 cikin 100. Na motar haibirid kuwa yakan ragu da kashi 30 zuwa 34.

Dalilin a fili yake. Rarar man haibirid tana zuwa ne daga lokutan da injin fetur ke kashe kansa. A cikin sanyi, dole injin ya daɗe yana aiki don ya ɗumama kansa da cikin motar, batir ma ƙarfinsa na raguwa.

Gajeriyar tafiya ma haka take. Wanda ke yin kilomita uku ko huɗu zuwa wurin aiki zai isa kafin injin ya gama ɗumama, don haka ba zai ga alƙalamin da aka tallata ba.

Akwai kuma batun sabunta. Hukumomin Amurka sun ce sabon inji na iya buƙatar tafiyar mil 3,000 zuwa 5,000, wato kimanin kilomita 5,000 zuwa 8,000, kafin ya saki jiki ya kai iyakar tattalin man da zai iya.

Shi ma alƙalamin da ke bayyana a allon gaban direba ƙiyasi ne na kwamfutar motar. A kwanakin farko yakan haɗa har da man da aka ƙona motar tana tsaye, a masana'anta ko a harabar dila.

Direban kansa yana canzawa. Wani yakan lallaɓa sabuwar mota kamar ƙwai a makon farko, idonsa na kan allo, sai ya ga alƙalamin da ba zai sake gani ba. Wani kuma yakan taka ta don ya ga ƙarfinta. Ma'aikatar Makamashi ta ce tuƙin ganganci, taka wuta da birki da ƙarfi, na iya rage nisan tafiyar lita da kashi 10 zuwa 40 cikin 100 a cunkoso.

Hausawa na cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. A nan ba sai an kai shekara arba'in ba, amma tanki ɗaya bai isa a yabi mota ko a kushe ta ba.

Cikin gari ne gidanta

Motar haibirid irin Maverick ba a jona ta da wuta. Ƙaramin batir gare ta, wanda injin fetur ke yi wa caji. Haka kuma duk lokacin da direba ya taka birki, injin lantarkin na juya ƙarfin gudun motar ya zama wuta ya mayar cikin batir, maimakon ya tashi a banza a matsayin zafi.

Shi ya sa tsaya-ka-tashi na cunkoso, wanda ke cinye man sauran motoci, shi ne inda take cin riba. A doguwar hanya kuwa, ba birki ba tsayawa, injin fetur ne ke ɗaukar kusan dukkan nauyin.

Gwajin mujallar Car and Driver ya nuna hakan. Da ta tuƙa Maverick haibirid a gudun mil 75 a awa, kimanin kilomita 120, ta samu mil 30 a galan, ƙasa da 33 ɗin EPA. Nau'in fetur zalla da ta gwada a hanya ɗaya ya ba da mil 29. Tazarar mil ɗaya ce kacal.

Ita kuwa ƙungiyar Consumer Reports, wadda gwajinta ke haɗa cikin gari da babbar hanya, ta samu mil 37 a galan, daidai da alƙalamin hukuma.

Idan aka yi lissafi da alƙaluman EPA, tafiyar kilomita 1,000 a cikin gari za ta ci wa haibirid ɗin kusan lita 56. Nau'in fetur zalla mai jan ƙafafun gaba zai sha kusan lita 102. Rarar lita 46 ke nan. A babbar hanya, ɗaya za ta sha kusan lita 71, ɗayar 78, rarar lita 7 kawai.

Ke nan mutum biyu na iya karɓar mota iri ɗaya a rana ɗaya, ɗaya ya yi ta yabo ɗaya ya yi ta ƙorafi, kuma duk gaskiya suke faɗa.

An taɓa cin amanar masu saye

Shakkun da wasu ke yi a kan alƙaluman kamfanoni yana da tushe. A 2012 Ford ya fito da wata haibirid mai suna C-Max da tallar mil 47 a galan. Masu motar suka yi ta kukan ba sa ganin haka. A watan Agustan 2013 kamfanin ya rage alƙalamin zuwa 43, ya biya kowane mai saye dala 550. A 2014 ya sake rage shi zuwa 40.

Kamfanonin Hyundai da Kia ma sun amsa a 2012 cewa sun zuzuta alƙaluman wasu motocinsu, kuma a 2014 suka amince su biya tarar dala miliyan 100.

A ɗakin gwaji ake samar da waɗannan alƙaluma, motar na gudu a kan wasu manyan gangunan ƙarfe, kuma galibi kamfanonin ne ke yin gwajin da kansu, hukuma ta sake duba wani kaso. Amfaninsu shi ne kwatanta wata mota da wata a ma'auni ɗaya.

Layin bai ƙare ba

Matsalar jira ba ta tsaya ga Ford ba. A Indiya, Toyota ya dakatar da karɓar odar manyan nau'o'in Innova Hycross haibirid a watan Afrilun 2023 saboda yawan masu so.

A watan Maris na 2025, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa masu sayen haibirid ɗin Toyota a Turai na jiran kwana 60 zuwa 70, a Japan kuma wata biyu zuwa biyar, saboda ƙarancin wasu kayan haɗi.

Toyota, wanda ya fito da Prius a Japan tun 1997, ya mayar da Camry samfurin 2025 haibirid zalla a Amurka. Wannan ya shafi Najeriya kai-tsaye, domin Amurka na cikin manyan wuraren da motocin hannu ke fitowa zuwa ƙasar, kuma Camry na cikin waɗanda aka fi saye.

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. Yawan man da mota ke sha ya zama tambayar farko a bakin mai saye.

A Kano ko Maiduguri, zafi ne zai yi abin da sanyi ya yi a Amurka. Ma'aikatar Makamashin Amurka ta ce na'urar sanyaya mota na iya rage nisan tafiyar lita da fiye da kashi 25 cikin 100 a tsananin zafi, musamman a gajeriyar tafiya, kuma abin kan fi haka a haibirid. Ƙurar hunturu kuma na iya toshe matatar fankar da ke sanyaya batir a yawancin haibirid ɗin Toyota, don haka tana buƙatar dubawa a kai a kai.

Yadda ake gane gaskiyar shan mai

Hanyar ba ta buƙatar kanikanci. A cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a mayar da ma'aunin tafiya zuwa sifili, a ci gaba da zirga-zirgar da aka saba. Idan mai ya yi ƙasa, a koma gidan man da aka sha, famfon da aka sha, a sake cikawa. Komawa famfo ɗaya na da muhimmanci, domin ba kowane gidan mai ne litarsa ke cika ba.

Sai a raba kilomitar da aka yi da litar da aka zuba. Wanda ya yi kilomita 480 ya zuba lita 32, motarsa na yin kilomita 15 a lita.

A maimaita haka sau huɗu ko biyar, a tabbatar iskar taya ta cika, a haɗa da lokacin zafi da na sanyi. Matsakaicin abin da ya fito shi ne ainihin shan man motar a hannun wannan direba, a kan hanyoyin da yake bi.

Wanda bai riga ya saya ba kuma yana iya fara wannan lissafi da motar da yake hawa yanzu, ya kuma ƙirga nawa ne daga tafiyarsa ke cikin cunkoson gari, nawa ne a doguwar hanya. Ɗan tasi da ke wuni a cikin birni da direban da ke jigila tsakanin Kano da Kaduna ba za su samu amsa ɗaya ba.