PDF ba ɗaya ba ne: na maɗaba'a daban, na ajiya daban

Duk ƙarshen zangon karatu mu malamai muna fama da takardu iri biyu. Akwai waɗanda za a kai maɗaba'a, kamar tambayoyin jarrabawa da ɗan littafin karatun yara. Akwai kuma na ajiya, irin su rajistar sakamako da takardun shaida, waɗanda wani tsohon ɗalibi zai iya zuwa nema bayan shekara 20. Yawancinmu abu guda muke yi musu duka: mu latsa wurin mayar da takarda PDF, shi ke nan. To amma wannan wurin yana da zaɓuɓɓuka, kuma kowace takarda da nata.

Kamfanin Adobe ne ya fito da PDF a 1993, don takarda ta buɗe da kamanni ɗaya a kowace kwamfuta. Daga baya hukumar ma'aunai ta duniya, wato ISO, ta ware masa rassa. Biyu ne suka shafe mu: PDF/X na bugawa, da PDF/A na ajiya.

Bari in fara da abin da ya haɗa su, don mu masu rubutu da Hausa ya fi shafa. Dukansu sun wajabta a saka samfurin haruffan da aka yi rubutu da shi a cikin fayil ɗin kansa. In ba a saka ba, kwamfutar mai bugawa za ta ari wani samfurin, kuma ba kowanne ke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. Na taɓa ganin takardar jarrabawa da ta dawo daga wani gidan bugawa, duk inda ƙ take sai ɗan akwati. Yaron da ke koyon bambanta baki da baƙi, ya zai yi da wannan? Samfurori irin su Andika da Charis SIL kyauta ne, kuma suna da haruffanmu duka.

Yanzu batun maɗaba'a. Allon kwamfuta yana haɗa launi da haske uku: ja, tsanwa, shuɗi. Injin bugawa kuwa tawada huɗu yake amfani da su, waɗanda ake kira CMYK. Shi ya sa shuɗin da ya yi ƙyalli a allo yakan fito a dishe a takarda. PDF/X-1a, wanda ya fito a 2001, yana so a mayar da launuka zuwa na tawada tun kafin a kai. PDF/X-4 ya fi sassauci, yana barin wannan aikin ga injin. Kada ka yi canki-canka, tambayi mai bugawa wanne yake karɓa. Word ba ya fitar da PDF/X, amma Scribus, wadda kyauta ce, tana yi.

Sauran abubuwa uku nake dubawa. Hoto ya kai ɗigo 300 a kowane inci, ma'ana hoton santimita 10 da 15 yana buƙatar kusan ɗigo 1200 da 1800. In launi zai kai bakin takarda, a bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Girman takarda kuma ya zama A4, milimita 210 da 297, domin wasu kwamfutocin suna zuwa a saite da girman Amurka, wanda ya fi faɗi amma ya fi gajarta. A Word akwai zaɓin da ke rage nauyin fayil don intanet, wannan yana rage kyan hoto, ba na bugawa ba ne. Haka in za ka tura ta WhatsApp, tura fayil ɗin kansa, kar ka ɗauki hotonsa.

PDF/A shi damuwarsa dabam ce: takarda ta buɗe ko da manhajar da aka rubuta ta da ita ta ɓace. An fitar da kashin farko a 2005, na biyu a 2011. Ya hana duk abin da zai sa fayil ya dogara da wani abu na waje, ya hana bidiyo da sauti, ya kuma hana kulle fayil da kalmar sirri. Wannan na ƙarshen yakan ba mutane mamaki. Amma ka tuna daraktan da ya san kalmar sirrin ana iya canza masa wurin aiki, ko ya yi ritaya, ko rai ya yi halinsa. In ana son sirri, a kulle wurin ajiyar. Word da LibreOffice duka suna da ɗan akwatin PDF/A da za ka yi wa alama lokacin fitarwa, manhajar veraPDF kuma tana duba ko fayil ya cika sharuɗɗan.

Sai dai PDF/A ba ya hana kwamfuta mutuwa ko ƙura ta cinye ta. Ajiye kwafi biyu a wurare daban, ka sa wa fayil suna mai shekara da aji, ka kuma riƙe asalin da za a iya gyarawa. Takardar da ke buƙatar bugawa da ajiya duka, fitar da ita sau biyu: ɗaya ga mai maɗaba'a, ɗaya ga wanda zai gaje ka a ofis.