Rumfa a Tsakar Gida: Zaɓen Itace da Yadda Ake Kafa Ta

 Maganarmu ta yau a kan rumfa ce. Wataƙila ka ce me ya haɗa rumfa da zancen lafiya? To, saurara ka ji.

Kai da ke zaune a Gurbin Ɓore, ko Zurmi, ko Shinkafi, ko Ƙauran Namoda, ka san zafin bazara, tun daga watan Maris har faɗuwar ruwa. Lokacin nan ne sanƙarau ya fi yawa. Ƙwayar cutar tana zaune a hanci da maƙogwaro, tana bin tari da atishawa daga wannan zuwa wancan. Saboda haka in mutum takwas suka cushe a ɗaki guda, ba taga, ƙofa a rufe, hanya ta samu ke nan. Annobar da ta ɓulla a ƙasar Zurmi a ƙarshen 2016 ta bazu cikin 2017, ta hallaka mutum fiye da 1,000 a Nijeriya. Rumfa mai kyau tana rage cunkoso a ɗaka, ta ba iyalinka inuwa da iska.

Da fari, zaɓi wuri. Nemi tudu a tsakar gida inda ruwa ba ya kwanciya, domin kwantaccen ruwa shi ne mahaifar sauro. Nisanta ta da salga da turken dabbobi saboda ƙudaje. Nisanta ta kuma da murhu, gama tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye zana.

Sa'an nan itace. Babban abokin gaban rumfa gara ce. Dirkar da gara ta ci takan yi kyau a ido, cikinta kuwa fanko, sai ranar da hadari ya taso ta rufta wa yara. Kirya da marke suna da ƙarfi, gara ba ta cinsu da sauƙi, amma sun yi ƙaranci a dajinmu, kada kuwa ka sari ko ɗaya sai da iznin ma'aikatan gandun daji. Dogon yaro ya fi sauƙin samu, in ya ƙosa yana yin dirka mai kyau, in an sassabe reshensa kuma yakan sake tohowa. Na gicciye kuwa babu kamar azarar giginya. In katako za ka saya wurin kafinta, duba da kyau: kada ka karɓi ɗanye, ko mai tsaguwa, ko mai ƙananan huji da gari ke zuba daga ciki. Araha ba ta ado.

Ɓare ɓawon itacen, ka jingine shi a inuwa ya bushe sarai. Bayan haka ka babbake gindin kowace dirka kaɗan a wuta, ko ka shafa masa kwalta ko maganin gara, har ya zarce inda ƙasa za ta tsaya. Guntayen da aka shafa wa magani kada a sa su a murhu, hayaƙinsu guba ne.

Ga yadda za ka kafa. Rumfa mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 10 ta ishi gida matsakaici. Dirka shida take bukata, uku a kowane layi, tsakaninsu ƙafa shida-shida. Kafa turaku a kusurwa huɗu, ka auna da igiya daga wannan kusurwa zuwa wadda ke can ƙetarenta, ka sake auna ɗaya gicciyen. In awon biyu ya zo daidai, rumfarka ba za ta karkace ba. Haƙa kowane rami zurfin ƙafa biyu, zuba tsakuwa a ƙasa, tsai da dirka, ka riƙa zuba ƙasa kaɗan-kaɗan kana kirɓawa da taɓarya.

Layi ɗaya ya tashi ƙafa takwas daga ƙasa, ɗayan ƙafa bakwai, domin rufi ya sami gangara. Gajeren layin ya kasance gabas, gama ka sani a ƙasarmu daga gabas hadari yake tasowa. Ɗora azara a kan dirkoki, ka ɗaure tamau da waya ko igiya mai ƙarfi, kada ka dogara ga nauyinta kaɗai.

Rufin zana ko na ciyawa ya fi sanyi, amma sai an riƙa sabunta shi. Kwano ya fi daɗewa, sai dai yana ɗaukar zafi. In shi ka sa, buga shi da ƙusa sosai, ka shimfiɗa zana a ƙarƙashinsa. Kare gabas da arewa da zana saboda ruwa da ƙurar hunturu. Kudu da yamma ka bar su a buɗe, sai asabari da za a saki in rana ta karkata. In ka rufe ko'ina, ka gina wani ɗakin ne, ba rumfa ba.

Ke kuma uwargida, sauran aiki naki ne. A yi daɓe ya ɗara tsakar gida tudu da kamar inci shida. A share kullum. Kada a jibge itacen wuta ko tsummoki a ciki, nan kunama da maciji suke fakewa. Wanda duk zai kwana a rumfa, lalle ya shiga gidan sauro mai magani, musamman yara da mata masu ciki. Kada a guje wa zafi a faɗa wa zazzaɓin cizon sauro.

Lokacin wannan aiki bayan kaka ne, sa'ad da ciyawa ta bushe, hannu kuma ya sami sarari. Kowace shekara kafin damina ka ƙwanƙwasa dirkoki ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi ƙarar fanko, sauya ta nan da nan.

Abu ɗaya ya rage. Rumfa taimako ce, ba ta maye gurbin allura. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasar farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga iri biyar na sanƙarau. In masu rigakafi sun zo, fito da iyalinka duka. In kuwa ka ga wani da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da sanƙarewar wuya, ko jariri maɗigarsa ta kumbura, kada ka jira gari ya waye. Kawo shi wurin malamin asibiti nan take.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.