Yadda mutum-mutumi ya sauke yaran Sudan daga bayan raƙuman tsere

Duk wanda ya san kasuwar Muwailih da ke yammacin Omdurman ya san ƙasar Sudan ta yi suna wajen kiwon raƙuma. Attajiran ƙasashen Larabawa sun daɗe suna rububin raƙuman gabashin ƙasar, musamman irin Anafi da Bishari, saboda gudunsu. Sai dai shekaru da dama ba raƙuman kaɗai ake kwasa ba, har da yaran da za su hau su.

Dalili kuwa shi ne, raƙumi ya fi gudu idan mahayinsa ba shi da nauyi. Don haka aka riƙa kai ƙananan yara daga Sudan da Pakistan da Bangaladash da Muritaniya, wasu ko shekara shida ba su cika ba, ana hana su cin abinci su ƙoshi don kada su yi ƙiba. Da yawa sun faɗo sun karye, wasu kuma sun rasa rayukansu.

Da matsin lamba ya yi yawa, sai Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka haramta sa yara a tseren. A shekarar 2005 Daular ta ƙulla yarjejeniya da asusun UNICEF, aka mayar da yara sama da 1,000 ƙasashensu, ciki har da Sudan. To amma wa zai hau raƙuman? Nan ne Katar ta nemi kamfanin K-Team na ƙasar Suwizalan ya ƙera mata mutum-mutumi.

Da farko raƙuman sun riƙa firgita da baƙon mahayin. Sai da aka yi masa fuska, aka sa masa hula da tabarau da riga, har da fesa masa irin turaren da masu horar da su ke shafawa, sannan suka saki jiki. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga manomin ƙasar Hausa, wanda yakan rataya tsohuwar riga a kan itace a gona don tsuntsaye su ɗauka mutum ne.

Masana suna kawo wasu dalilan na ba na'ura surar ɗan Adam. Matakalar bene da ƙofofi da kayan aiki duk an yi su ne daidai da ƙafa da hannun mutum. Wannan tunani ne ya sa kamfanin Honda na Japan ya fito da ASIMO a 2000, mai iya hawa bene. Haka kuma bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a 2011, ma'aikatar tsaron Amurka ta shirya gasar ƙera waɗanda za su shiga inda mutum ba zai iya ba, aka kammala a 2015.

Amma a filin tsere surar mutum ba ta daɗe ba. Da raƙuma suka saba, sai aka koma ga 'yar na'ura mara nauyi, mai bulala da ƙaramar lasifika. Mai raƙumi yana biye a mota a gefen fili, yana sarrafa bulalar daga nesa, raƙumin kuma yana jin muryarsa. ASIMO ma an yi masa ritaya a 2022. Yaran da aka mayar gida kuwa yanzu sun zama magidanta.