Assyrtiko: Inabin da Ke Nuna a Cikin Toka

A tsibirin Santorini na ƙasar Girka, manomin inabi ba ya kafa wa shukarsa sanda ko waya don ta hau. Murɗa rassan yake yi a ƙasa, yana naɗe su kamar gammo, shekara bayan shekara, har su zama kwando mai zurfi da mutanen wurin ke kira kouloura. A cikinsa 'ya'yan suke nuna. Iska ce ta tilasta wannan dabara: lokacin zafi, iskar meltemi tana kaɗowa daga arewa ɗauke da yashi, ga kuma rana mai ƙuna.

Sunan inabin Assyrtiko, kuma da shi ake yin farar giyar da tsibirin ya yi suna a kanta. Akasarinmu addini ya raba mu da abin da ke cikin kwalbar, amma noman kansa ya isa a tsaya a duba shi.

Ƙasar Santorini toka ce da tsakuwar aman wuta, ragowar fashewar dutsen da ta binne garin Akrotiri wajen shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa. Ruwan sama ba ya kai milimita 400 a shekara, yawancinsa da hunturu, kuma a al'ada ba a ban-ruwa. Tsakuwar mai ramuka ce ke tsotse raɓa da hazon teku da dare, saiwa ta samu abin sha. Amfanin gona kaɗan ne ƙwarai.

Wannan ƙasa maras yumɓu ta yi wa manoman tsibirin rana. Daga shekarun 1860, wani ƙwaro mai cin saiwa da ake kira phylloxera, wanda ya shigo daga Amurka, ya ragargaza gonakin inabin Faransa da sauran Turai, har sai da manoma suka koma aurar da irinsu da saiwar inabin Amurka. Ƙwaron ya kasa zama a tokar Santorini. Shi ya sa inabin can yake tsaye kan saiwarsa ta asali. In kwandon ya tsufa, sai a sare shi daga gindi ya sake toho. Saiwar kuwa tana iya haura shekara ɗari.

Abin da ya bambanta Assyrtiko shi ne riƙon tsami. Galibin inabi, in zafi ya yi yawa, zaƙi ke rinjaya, tsamin ya gudu. Shi kuwa yana nuna sosai a watan Agusta, tsaminsa na nan daram. Masu ɗanɗano suna ambaton lemun tsami da ɗan gishiri-gishiri a bakin harshe. Akwai kuma Vinsanto, giya mai zaƙi, wadda ake shanya inabinta a rana kafin a matse. A ƙarni na 19 Rasha ce babbar kasuwarta. Tun 1971 dokar Girka ta kare sunan Santorini a matsayin yankin giya.

A ganina, otal-otal sun fi fari haɗari ga wannan noma. Masu yawon buɗe ido sun mamaye tsibirin, filin gini ya fi gona tsada, matasa kuma ba sa marmarin aikin da ake yi a tsugune. Gonakin da suka rage ba su kai hekta 1,500 ba. Su kuwa ƙasashe masu fama da zafi sun fara zawarcin irin: kamfanin Jim Barry ya dasa shi a kwarin Clare na Ostireliya, ya kuma fitar da giyarsa kasuwa a 2016.