Abubuwan da ya kamata ka sani game da tangaran mai yumɓu kala-kala

Akwai faranti da kwano da kofi da za ka gani da jirwaye irin na dutse, fari da shuɗi da ruwan ƙasa suna bin juna. Ba fenti aka shafa musu ba. Yumɓun ne aka rina tun yana ɗanye, don haka adon a cikin jikin kwanon yake, kamar faifan da aka saƙa da rinanniyar kaba.

Yadda ake yin sa

Magini yakan raba farin yumɓu kashi-kashi, ya kwaɓa kowane kashi da garin ma'adini: kobalt don shuɗi, tsatsar ƙarfe don ja-ja ko ruwan ƙasa, kuromiyam don kore. Sai ya fyaɗa su falle-falle, ya jera wani kan wani, ya naɗe, ya yanka, ya sake jerawa har su zama dunƙule guda. Idan ya sa siririyar waya ya yanko falle daga dunƙulen, zanen zai bayyana a fuska biyu. Wannan fallen yake kwantarwa a kan mazubi ya zama faranti. Wasu kuma kan injin juyi suke ɗora dunƙulen, launukan su murɗe su hau sama. Lokacin da ake juyin, laka takan rufe komai, sai kwanon ya fara tsanewa a kankare bayansa, adon ya fito.

Inda aikin yake da wuya

Yumɓu yana tsukewa idan yana bushewa, ya ƙara tsukewa a wuta, sau da yawa fiye da kashi 10 cikin 100. Idan wani launi ya fi maƙwabcinsa ruwa ko saurin tsukewa, daidai mahaɗarsu kwanon zai tsage. Shi ya sa ake lulluɓe kayan da leda su bushe sannu a hankali, wani lokaci har makonni. Kwaɓin ma da iyaka: in ya yi yawa launukan su cakuɗe su koma toka-toka, kuma ba gyara. A ganina wanda ya san wannan ba zai yi ƙorafin tsadar kayan ba, domin kuɗin waɗanda suka fashe a tanderu ma yana ciki.

Daga ina ya fito?

Maginan Sin sun yi shi tun zamanin daular Tang, tsakanin 618 da 907. A Ingila ta ƙarni na 18, masu tangaran na Staffordshire irin su Thomas Whieldon sun yi butocin shayi da ƙotar wuƙa da shi. Garin Apt a kudancin Faransa ma ya yi suna a kai. A Japan ana kiran sa nerikomi ko neriage, kuma a 1993 gwamnatin ƙasar ta karrama Matsui Kosei da laƙabin da take ba manyan gwanayen sana'o'in gargajiya saboda wannan aiki.

Kafin ka saya

Kifa kwanon ka duba gindinsa inda ba a shafa ruwan ƙyalli ba. In jirwayen ya ci gaba a nan, na gaske ne. Sannan ka tambaya ko an gasa shi da wuta mai ƙarfi, wajen digiri 1,200 ko fiye, kuma ko ruwan ƙyallin da ya rufe cikinsa ba shi da dalma, musamman idan za ka riƙa zuba abu mai tsami irin kunun tsamiya.