Makin Bashi: Yadda Suna Ke Ɓaci a Wurin Masu Ba da Rance, da Yadda Ake Gyara Shi

 

Jama'a, akwai tambayar da ta yawaita a kwanakin nan bayan karatun Magariba. Wani matashi cikin ɗalibanmu ya je neman babur mai ƙafa uku, irin wanda ake biya kaɗan-kaɗan. Ya kai Ghana Card, ya kai mai tsaya masa, ya kai kuɗin da ake fara ajiyewa. Bayan kwana biyu aka kira shi aka ce ba za a ba shi ba. Da ya matsa da tambaya sai aka tuna masa sidi 300 da ya ranta a waya shekara uku da suka wuce, ya ƙi biya, ya jefar da layin. Shi har ya manta. A makon kuma wani ɗan'uwa da ke Bronx a Amurka ya aiko mana da saƙon murya, yana cewa an hana shi hayar ɗaki saboda ba shi da maki, alhali bai taɓa cin bashin kowa ba. Ɗaya bashi ya ɓata masa suna, ɗaya kuma ba a san shi ba sam. To, a kan waɗannan biyun za mu yi magana.

Mene ne makin bashi?

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu da suka yi fataucin goro tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa da lamuni suka yi shi. Baƙo ya sauka a Salaga ko Kumasi, maigidansa ya tsaya masa, a ba shi kaya sai ya sayar ya biya. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa zango na gaba. Ɗaliban hadisi kuma sun san ilimin jarhu wat-ta'adil, inda malamai suka bi masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya suka ce wannan siƙa ne, wannan mai rauni ne, wannan an bar karɓa daga gare shi. Ba a yanke wa mutum hukunci da abin da ya faɗa game da kansa. Abin da aka gani daga gare shi tsawon lokaci ake dubawa.

Makin bashi haka yake, sai dai yanzu kwamfuta ce ke riƙe littafin. Duk wanda ya ba ka rance yana aika bayaninka zuwa kamfanonin tattara bayanan bashi: nawa ka karɓa, yaushe ya kamata ka biya, yaushe ka biya, nawa ya rage. Daga wannan ake fitar da lamba ɗaya, wadda mai ba da rance na gaba zai duba kafin ya ce e ko a'a.

A nan Gana, dokar da ta kafa tsarin ita ce ta shekarar 2007, mai lamba 726, kuma Babban Bankin Gana ne ke ba kamfanonin lasisi, irin su XDS Data da Dun & Bradstreet. A da bankuna ne kawai abin ya fi shafa. Yanzu an faɗaɗa shi zuwa kamfanonin waya da masu ba da rancen momo da masu sayar da kaya bashi. Tun da kuma aka ɗaura layukan waya da asusun banki a kan Ghana Card, canja layi ba ya ɓoye kowa. A shekarar 2022, lokacin sabunta rajistar layuka, Babban Bankin ya fito fili ya gargaɗi masu ƙin yin rajista don gudun biyan rancen waya cewa bayanansu na nan a ajiye.

A Amurka makin da aka fi amfani da shi sunansa FICO, yana tashi daga 300 zuwa 850. Ƙasa da 580 mai rauni ne, daga 670 zuwa sama ana ɗaukarsa mai kyau. Kamfanoni uku ne ke riƙe bayanan: Equifax da Experian da TransUnion. An kasa lissafin kamar haka: biya a kan lokaci kashi 35 cikin ɗari, yawan bashin da ke kanka kashi 30, daɗewar tarihinka kashi 15, sababbin basussuka kashi 10, ire-iren bashin da ka taɓa riƙewa kashi 10. Kun ga ke nan abu biyu na farko sun kwashe kusan kashi biyu cikin uku. A can masu gidan haya ma suna duba wannan maki, shi ya sa ɗan'uwanmu na Bronx ya rasa ɗaki.

Maganar riba tukuna

Kafin a ce liman yana tura mutane banki, bari mu fayyace. Rancen da aka shardanta ƙari a kansa riba ne, ko an kira shi kuɗin ruwa ko an kira shi kuɗin hidima da ke ƙaruwa da yawan rancen, kuma haramcinsa a fili yake a ƙarshen Suratul Baƙara. Game da katin bashi, Majalisar Fiƙihu ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, ta yanke a zamanta na Riyad a shekarar 2000 cewa bai halatta a yi mu'amala da katin da ke da sharaɗin ruwa ba, ko da mutum ya ƙudurta zai biya kafin ruwan ya hau. Wasu malaman da ke zaune a Turai da Amurka sun yi rangwame ga mai bukata ta gaske, da sharaɗin ya biya duk abin da ya kashe kafin wa'adi, kada ko kwabo na ruwa ya hau kansa. Mai larura ya zauna da malamin da ya san halin garin da yake.

To me ya sa za mu damu da makin? Saboda hanyoyin halal ɗin ma suna duba shi. Sayen kaya a biya kashi-kashi ciniki ne halal a wurin jumhurun malamai, ko da farashin ya ɗara na kuɗi hannu, in dai an tsayar da farashi ɗaya tun farko. Mai sayar da babur ko firji ta wannan hanya zai duba sunanka. Kamfanonin da ke saya wa Musulmi gida a Amurka ta hanyar murabaha ko musharaka su ma suna dubawa. Abu na biyu kuma, galibin abin da ke gyara maki Shari'a ta riga ta wajabta mana shi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da wa'adinsa take. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa jinkirin mai hali wurin biya zalunci ne. An taɓa kawo gawa Manzon Allah (SAW) ya dakata da yi mata salla saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

Yadda ake gyarawa

Na farko, ka nemi rahotonka ka gani da idonka. A Gana doka ta ba ka damar karɓarsa kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanin tattara bayanai, a Amurka ma kyauta ne. Ka zauna da shi kamar yadda ake bitar allo. Mu mutanen zango sunayenmu suna kama da juna, ga Muhammad da Mohammed da Mahamadu, ga masu sunan uba ɗaya, don haka bashin wani yana iya faɗowa kanka. Akwai kuma bashin da ka biya ba a goge ba. In ka ga kuskure, ka rubuta koke zuwa kamfanin da kuma wanda ya aika bayanin, ka haɗa da shaidar biya. A Amurka galibi kwana 30 doka ta ba su su bincika.

Na biyu, ka rubuta duk abin da ake bin ka a takarda ɗaya, har da na waya da ka raina. Ka fara da wanda wa'adinsa ya wuce. Wanda ya riga ya faɗa rancen ruwa ya tuba, ya gaggauta fita, don kowace rana ƙari take yi. Uwar kuɗin haƙƙin mai ita ce, babu malamin da ya ce a riƙe ta. Ka nemi a yafe maka ruwan da tarar jinkiri. In sun ƙi kuma ba ka da mafita, ka biya ka rabu da su, kada ka koma.

Na uku, kada ka ɓuya. Mun san halinmu: da an ga lambar mai bin bashi sai a kife waya. Ai wanda ya je da ƙafarsa ya ce ga halin da nake ciki, ga abin da zan iya bayarwa duk wata, ya fi samun sauƙi. Masu ba da rance da yawa sun fi son su sake tsara maka biya a kan su rasa kuɗin gaba ɗaya. Duk abin da kuka daidaita a rubuta shi. Ran da ka gama, ka karɓi takardar shaidar ka biya, ka adana, bayan wata biyu ko uku ka sake duba rahoton ka tabbatar an gyara.

Na huɗu, daga yau kada wa'adi ya wuce ka. Wannan shi ne kashi mafi nauyi a lissafin. A Amurka in jinkiri ya kai kwana 30 ana iya shigar da shi rahoto, kuma yana zama shekara bakwai, ko da yake nauyinsa yana raguwa in ka ci gaba da biya daidai. Ka sa ranar biya kusa da ranar da kuɗi ke shigo maka. Haka nan kada ka rubuta caki alhali babu kuɗi a asusu, don a Gana cakin da ya dawo ana kai rahotonsa.

Na biyar, ga masu riƙe da kati a waje: kada ka cika shi. In an ba ka iyakar dala 1,000, masana harkar suna ba da shawarar kada abin da ke kai ya wuce 300, ƙasa da haka ma ya fi. Akwai wata magana da ke yawo cewa sai ka bar ɗan saura ruwa ya hau kafin maki ya tashi. Wannan ba gaskiya ba ne. Biyan duka kowane wata yana gina maki, kuma shi ne sharaɗin malaman da suka yi rangwame. Wanda ba shi da tarihi sam, akwai katin da ake ajiye kuɗin jingina, misali dala 200, a ba shi iyaka daidai da su. Jingina kanta sananniya ce a fiƙihu, Manzon Allah (SAW) ya rasu sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir. Amma shi ma wannan katin yawanci yana da sharaɗin ruwa, don haka saɓanin da muka ambata ya shafe shi.

Na shida, ka daina buga kowace ƙofa. Duk sanda ka nemi sabon rance ana rubutawa, a Amurka alamar tana zama shekara biyu. Mutumin da ya nemi rance wuri biyar cikin wata ɗaya, ko kai ne mai kuɗin za ka yi tunani.

Na bakwai, ka kula da tsaya wa mutane. Kafala aikin alheri ne, amma mai tsayawa mai biya ne in wancan ya gaza. Kada ka ba kowa Ghana Card ɗinka ko layinka ya ranci kuɗi da shi, ko ɗan cikinka ne. Iyayenmu mata da ke kasuwa, ku muke roƙo musamman, don sau da yawa da wayoyinku yara ke yin wannan ba ku sani ba.

Sai a yi hattara da masu cewa kawo kuɗi mu goge maka suna. Bayanin da yake gaskiya ba mai iya goge shi, wanda yake kuskure kuma kai da kanka za ka gyara ba tare da biyan kowa ba. Haka waɗannan manhajojin rance marasa lasisi, masu kwashe lambobin wayarka su aika wa surukanka saƙon cin mutunci. Babban Bankin Gana ya sha gargaɗi a kansu.

Wata tambaya da ake yi ita ce ta susu, wato adashi. Halal ne, kuma ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Sai dai mai karɓar susu na unguwa ba ya aika bayani ko'ina, don haka shekara goma kana zubi ba fashi ba za ta fito a rahotonka ba. Mai sana'ar da ke son a san shi ya riƙa bi da cinikinsa ta asusun banki ko na momo, ya sayi ƙaramin abu kashi-kashi a wurin da ke kai rahoto, ya biya daidai.

Gyaran nan yana ɗaukar watanni, wani lokaci shekaru, gwargwadon ɓarnar. Sannu ba ta hana zuwa. Shi ɗalibin namu ya je ya biya, ya karɓo takardarsa, yanzu yana jiran a gyara rahoton kafin ya koma maganar babur. Mu kuma da ke bin 'yan'uwa bashi, mu tuna aya ta 280 ta umarce mu da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Muna kuma kira ga kwamitin masallaci da masu hali su duba yiwuwar kafa asusun rance marar ruwa, a rubuce, da shaidu, domin matashin da sidi 300 ta tsaya wa ya sami inda zai nufa ba waya ba.

Allah ya biya wa masu bashi bashinsu, ya wadata mu da halal ɗinsa. Allah ne mafi sani.