Shin Ko Kun San? Tsaunin Afirka Mai Rawanin Ƙanƙara

Shin ko kun san akwai wurin da ya fi Daura kusa da layin Ikwaita, amma rani da damina ƙanƙara ba ta rabuwa da shi? Tsaunin Kilimanjaro ne, a ƙasar Tanzaniya. Daura tana digiri 13 arewa da layin, shi kuwa digiri 3 kacal a kudu.

Tsayi ne ya jawo haka. Ƙololuwarsa mai suna Uhuru tana mita 5,895 sama da teku, Daura kuwa ko mita 500 ba ta cika ba. Hatta Chappal Waddi na Taraba, tsauni mafi tsawo a Najeriya, bai kai rabinsa ba. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da wajen digiri 6. Don haka a watan Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 a Daura da Mai'aduwa da Zango, a can sama ruwa daskarewa yake yi. Mai hawa zai fara da gonakin ayaba da kofi na ƙabilar Chagga, ya ratsa kurmi, ya faɗa tsandauri mai duwatsu, sannan ya tarar da ƙanƙara tsaye kamar ganuwa.

A 1848 wani Bajamushe, Johannes Rebmann, ya hango ƙanƙarar, amma da ya ba da labari, wasu masana a Ingila suka ƙaryata shi. Sai a 1889 Hans Meyer da Ludwig Purtscheller suka taka ƙololuwar.

Abin da ke damuna shi ne, daga 1912 zuwa yau fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙarar ya tafi. Kuma ba zafi kaɗai ke cin ta ba, har da fari: dusar da ke sauka ta ragu, busasshiyar iska da rana suna zuƙe wadda ke ƙasa, wani sashen ma ba ya narkewa, tururi yake zama kai tsaye. Manomin gero a Ɓaure ko Sandamu ya san abin da ƙarancin ruwan sama ke yi wa ƙasa.

A duk Afirka tsaunuka uku suka rage da irin wannan ƙanƙara: Kilimanjaro, Tsaunin Kenya da Ruwenzori. A 2022 hukumar UNESCO ta yi gargaɗin cewa da wuya ƙanƙarar tasu ta wuce shekarar 2050.